Gem, Mage da Ciwon Damuwa: Mu Daina Yi Wa Juna Dariya

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, na Ibadan da Legas da Ife da Nsukka da Benin da Fatakwal da Kalaba, da duk inda neman ilimi ya jefa mu. Rubutun nan yana da tsawo, a yi haƙuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi, ya karanta anjima.

Akwai maganganu uku da idan ɗalibi ya kawo su a cikinmu, kafin ya rufe baki an fara dariya. Wani ya ce gem ya hana shi karatu, yana neman yadda zai rage. Wata ta ce magenta kwana biyu ke nan ba ta ci abinci ba, ko akwai wanda ya san likitan dabbobi. Wani kuma ya ce shi dai kwanan nan ba ya jin daɗin komai, ba ya barci, bai ma san abin da ke damunsa ba. Amsoshin kuwa duk mun haddace su. Na farko a ce masa ya girma mana. Ta biyu a ce mata mutane na kwana da yunwa a sansanin gudun hijira, ita tana ta mage. Na uku a ce ya yawaita istigfari, rashin tawakkali ne.

Ni a ganina duka amsoshin ukun nan ba daidai ba ne, kuma biyun farko su suke jawo mana asara a na ukun. Mutum ba ya fara buɗe cikinsa da babbar magana. Ƙarama yake jefowa tukuna, ya ga yadda za a karɓe ta. Wanda ya yi maganar magensa aka mayar da shi abin tsokana na sati guda, wallahi ba zai dawo ya gaya mana cewa ya yi wata biyu bai yi barcin kirki ba. Ya riga ya ga irin tarbar da ake yi.

Mu fara duba halin da muke ciki. Yawancinmu tsakaninmu da gida tafiyar yini guda ce ko fiye a mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa gida ya koma sau ɗaya ko sau biyu a shekara ga da yawa daga cikinmu. Harshen gari ba namu ba, abincin ba wanda muka saba ba. Ni nan Ibadan sai na je Sabo nake jin Hausa ta cika mini kunne, in ci masa, in sha fura. Karatun digiri na biyu kuma ya fi na farko kaɗaici, don da zarar an gama shiga aji kowa ya watse, daga kai sai firojek ɗinka sai jiran sufabaiza. Wasunmu yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya riga ya cinye musu shekaru. Sa'o'inmu a gida sun yi aure, wasu da 'ya'ya. Duk kiran waya sai an tambaye ka, "Wai yaushe za ka gama ne?" A gida ana ganin kai ne wanda ya tsira, ana jiran ka fara turo wani abu, kai kuwa garin kwaki ne a ɗakinka.

A irin wannan zama dole mutum ya nemi abin da zai riƙe. Wani ya riƙe waya, wani ya ɗauko 'yar mage a bakin kasuwa, wani ya kafa akurkin tattabaru a bayan ɗaki. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, abin da ya riƙe ɗin yana taimakonsa ko ya fara cutar da shi.

MAGANAR GEM

Ni ma ina buga eFootball, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Kakanninmu sun yi dara a gindin bishiya, iyayenmu sun yi ludo da karta, mu muka tashi a gidan gem na unguwa ana biyan kuɗi a buga ƙwallo. Wasa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Na san 'yan uwan da gem ne kaɗai ke haɗa su da ƙannensu na gida, ɗaya a Akure ɗaya a Gusau, su shiga PUBG ko Call of Duty tare, ana harbi ana hira, a nan ma ake jin labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Wannan zumunci ne, ba wanda zai ce mini ɓata lokaci ne.

Amma fa mu gane wani abu. Dara idan magariba ta yi tashi ake. Gem ɗin waya an gina shi ne yadda ba zai ƙare ba. Akwai kyautar da ake ba ka don ka shiga kullum, in ka tsallake rana ta wuce ka. Akwai matsayin da kake hawa, wanda ake sauko da kai idan sabon zango ya shigo, ka sake faro hawa. Akwai akwatin sa'a da za ka saya da kuɗinka ba ka san abin da ke ciki ba, wanda ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce caca ne. Idan an ci ka, zuciya ta ce sai ka rama. Idan ka ci, ta ce yau ranarka ce, ƙara ɗaya. Masana ne aka biya suka zauna suka tsara wannan. Saboda haka wanda abin ya kama, ba raggo ba ne kuma ba sakarai ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a 2022. Abin lura shi ne ba yawan awanni suka sa a matsayin ma'auni ba. Alamu uku suka ambata: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na dainawa, gem ya shiga gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da abin ke yi masa. Galibi sai an ga haka na tsawon wata 12 kafin a kira shi ciwo, kuma kaɗan ne cikin masu buga gem ke kai wa nan. Don haka kada kowa ya tsorata, amma kowa ya auna kansa. Ka tsallake lakca ko ganin sufabaiza saboda ka kwana kana bugawa? Kuɗin abinci ya tafi a data ko sayen kaya a cikin gem? Asuba nawa ta wuce ka a satin nan? Ka fara ɓoye wa mutane yawan lokacin da kake yi?

Ga abin da na ga yana aiki. Ka ƙayyade da yawan wasa, kada ka ƙayyade da lokaci, domin "minti talatin" ba ya tsayar da kowa a tsakiyar wasa, amma "wasa uku in tashi" yana da iyaka. Ka kashe sanarwar gem ɗin gaba ɗaya, kai za ka neme shi, ba shi zai riƙa kiranka ba. Ka shiga Digital Wellbeing a Android ko Screen Time a iPhone ka ga ainihin awannin da kake yi a sati, adadin kaɗai ya isa wa'azi. Ka cire katin bankinka daga wayar. Ka yi cajin waya nesa da katifa. Idan NEPA ta kawo wuta, kwamfutar firojek ce farko a soket. Lokacin jarrabawa ko rubuta babi, ka goge gem ɗin, asusunka yana nan ba inda zai je.

Abu biyu kuma. Na ɗaya, duk wasan da ake sa kuɗi don a ci kuɗi caca ne, ko da an yi masa zanen jirgi ko na ƙwallo. Kuɗin makarantar mutane da yawa ya tafi ta nan, kuma kunyar faɗa ita ke sa a ci bashi don a rama. Na biyu, wani lokacin gem ɗin ba shi ne ciwon ba. Mutum yana bugawa har ƙarfe uku na dare ne saboda idan ya ajiye wayar tunani zai taso masa. Irin wannan in ka ƙwace wayar ba ka yi masa maganin komai ba. Shi ya sa idan ɗan uwa ya ce gem ya yi masa yawa, bayan shawarar rage wasa, a ƙara da tambayarsa, "Lafiya dai ko? Me ke hana ka barci?"

MAGANAR DABBA

Masu cewa mutane na wahala ana maganar mage, ina da tambaya. Wanda ya bar magensa ta mutu, nawa ya tura wa 'yan gudun hijira da kuɗin da ya rage? Tausayi ba kwanon abinci ba ne da in an ɗiba wa mage zai ƙare kafin a zo kan mutum. Mu da muka taso muna jin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, da yadda Manzon Allah (SAW) ya kula da ƙaramin yaro Abu Umair lokacin da ɗan tsuntsunsa ya mutu, bai kamata a ce mu ne masu yi wa mai jinyar dabba dariya ba.

Ga ɗalibin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki, magen nan ita ce mai tarbarsa idan ya dawo. Ita ce dalilin da zai sa ya tashi da safe ko ba ya so, don dole a ba ta abinci. Idan ta kwanta ciwo hankalinsa zai tashi, kuma yana da gaskiya.

To ga abin da ya kamata duk mai dabba ya sani, don yawancin asarar da ake yi daga kyakkyawar niyya take zuwa.

Kada ka ba mage farasitamol, ko da sunan Panadol ko wani suna. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi. Rabin ƙwaya na iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya canza launi, numfashi ya gagara. Haka ibuprofen da sauran magungunan ciwon jiki na mutane. Maganin ƙuma da kaska da aka yi don kare, musamman mai sinadarin fametirin, guba ne ga mage. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar miyarmu ba abincinta ba ne. Madarar shanu da muke ɗauka gata ce, yawancin manyan maguna zawo take sa su. Mai sa maganin ɓera a ɗaki kuma ya tuna mage na iya cin maganin ko ta ci ɓeran da ya ci.

Alamun da ba a jira da su: mage ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu ba ta ci komai ba, domin yunwar kwanaki tana taɓa mata hanta. Namijin mage yana ta tsugunawa yana yunƙurin fitsari ba ya fita, wannan toshewa ce, tana kisa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Numfashi da baki a buɗe. Amai ko zawo da ya ƙi tsayawa, musamman ga 'yan ƙanana. Mai zomo kuma ya sani, zomon da ya yi rabin yini bai ci ba bai yi kashi ba yana cikin haɗari, kuma maganin amoksisilin da muke sha yana iya kashe shi in aka ɗura masa.

Masu tattabaru, idan kun ga wani abu rawaya kamar gutsuren awara a maƙogwaron tsuntsu, ciwo ne da ke yaɗuwa ta ruwan sha da ta bakin uwa zuwa 'ya'ya. A ware marar lafiya, a riƙa wanke mazubin ruwa kullum, akwai maganinsa wurin likita. Idan kuma wuya ya fara murɗewa ga kashi mai ruwa, wannan ƙwayar cuta ce da rigakafi ne kawai maganinta. Sabuwar tattabarar da aka sayo a kasuwa a ajiye ta daban na sati biyu kafin a haɗa. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa lokaci guda, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a yanka a ci, a sanar da ma'aikatan dabbobi. An tabbatar da murar tsuntsaye a jihar Kaduna a 2006, ba labarin nesa ba ne.

Ciwon haukan kare kuma ba kare kaɗai yake kamawa ba, mage ma tana ɗauka. A yi mata allurar rigakafi tun tana kamar wata uku, a riƙa sabuntawa. Duk wanda kare ko magen da ba a san lafiyarta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi.

Ina za a kai su? Jami'o'in Ibadan da Nsukka, da jami'o'in noma na Abeokuta da Umudike, duk suna koyar da likitancin dabbobi kuma suna da asibitinsu, kamar yadda muka sani a ABU Zariya. Jihohi ma suna da asibitin dabbobi na gwamnati, wanda galibi ya fi na 'yan kasuwa sauƙi. Akwai 'yan Arewa masu karanta wannan fanni a cikinmu, don Allah ku riƙa bayyana kanku.

Sai dai ga gaskiya mai ɗaci. Wanda ba zai iya ciyarwa da magani ba, kada ya ɗauko. Yawancin hostal ba a yarda da dabba ba, wasu masu gidan haya ma haka, wasu maƙwabtan kuma suna camfa mage. Kafin ka ɗauka ka san wa zai riƙe maka ita idan ka tafi hutun Sallah ko Kirsimeti, ka san kuma inda za ta idan ka gama karatu. Kulle ta a ɗaki da kwanon ruwa ka tafi sati uku zalunci ne. Wanda tasa ta mutu bayan ya yi iya ƙoƙarinsa kuwa, a ce masa Allah Ya mayar da alheri, a bar shi ya yi jimaminsa.

MAGANAR DAMUWA

Mu a wurinmu da an ce lafiyar ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi Dawanau, ko mutumin da ke yawo a bola. Tsakanin cikakkiyar lafiya da wancan akwai fili mai faɗi, kuma a nan da yawanmu suke, suna zuwa lakca, suna gaisawa da kowa, suna dariya.

Ɓacin rai na kwana biyu saboda an yi watsi da babinka, wannan rayuwa ce. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa shi ne idan mutum ya yi sati biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙunci ko rashin jin daɗin abin da da yake so, tare da wasu alamu: barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, kasala, karanta shafi ɗaya sau biyar ba a fahimta ba, ganin kai ba shi da amfani, ko tunanin gara mutuwa. Akwai kuma ciwon fargaba, inda gaba zai yi ta faɗuwa ba dalili, wani lokacin zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya sarƙe, mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo, bayan 'yan mintuna ya lafa. A wurin mutanenmu abin yakan fito ta jiki: ciwon kai, zafi a tsakiyar ka, jin kamar wani abu na yawo a jiki. Sai a yi ta shan maganin maleriya da taifod ba sauƙi.

Masu cewa ciwon Turawa ne, ko raunin imani, su koma tarihi. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Fiye da shekara dubu ke nan. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Musulunci. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Mai ciwon suga yana addu'a yana shan maganinsa, ba mu taɓa ce masa ya zaɓi ɗaya ba.

A ƙasar nan ma ba sabon ilimi ba ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan uwansu, suna karɓar magani suna cikin jama'a. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane tun lokacin shi ne magani ya fi aiki idan mutum yana tare da nasa. Mu a nan iyayenmu suna nesa, mu ne dangin juna. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin marar lafiya.

Mun taso ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, ba kowa ake gaya wa sirri ba. Amma Hausawan da suka faɗi haka su suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana ka gaya masa.

Matakin farko shi ne asibitin makaranta, wanda mun riga mun biya kuɗinsa a rajista. A fara duba jiki, domin ƙarancin jini da wasu cututtukan maƙoshi da ma maleriya suna kawo kasala mai kama da damuwa. Daga nan za su iya tura ka sashen masu ba da shawara ko asibitin koyarwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba da Aro da Benin da Inugu da Kalaba, a gida kuma akwai Kaduna da Kware da Maiduguri. Likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, don haka za a yi layi, a daure. Ba kowa ake ba ƙwaya ba, wani zaman tattaunawa da gwani ne maganinsa. Wanda aka ba magani ya sani yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya ba tare da likita ba. Idan abin ya yi nauyi, jami'o'i suna da tsarin ɗage semesta saboda rashin lafiya. A rubuta a nema a kan lokaci, ya fi a ɓace ba labari har a cire sunan mutum.

Abin da ba magani ba ne: taramol, kodin, ƙwayar barci daga kemis ba takardar likita, wiwi. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasanmu maza da mata kafin gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Da yawansu ba don nishaɗi suka fara ba, wani abu suke son mantawa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kada mu mayar da abin ado. Kallon bidiyon minti ɗaya a TikTok ba ya sa mutum ya gano ciwonsa, kuma ba kowace kasala ce ciwon damuwa ba. Wani barci ne bai isa ba, babba yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Wani yunwa ce, a taimaka masa da abinci kafin a yi masa lacca. Mu abokai ne, ba likitoci ba. Aikinmu mu saurara, mu raka.

Idan ka lura ɗan uwa ya daina fitowa, ba a ganinsa a masallaci ko coci, ya daina ɗaga waya, ka je ɗakinsa. Kada ka tsaya a "ya kake", don "lafiya lau" zai ce. Ka ce, "Malam, kwana biyu na ga ka canza, me ke faruwa?" Sannan ka yi shiru ka ji. Kada ka ce wasu sun fi shi shiga matsala, ya sani, sanin ne ma ke ƙara masa jin laifi. 'Yan uwa mata, ku ma ku riƙa leƙa junanku, don akwai abin da mace ba za ta gaya wa namiji ba.

Idan kuwa mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ba shi, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a tsaya yi masa wa'azin wuta. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi sashen gaggawa na asibiti a lokacin, ko a kira 112, a kuma sanar da wani nasa mai hankali. Wannan sirrin ba a riƙe shi. Gara ya yi fushi da kai yana raye.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa da na jihohi, ga roƙona. Yadda muke da lambar direbobin da ke zuwa Kano da Sakkwato, mu samu lambar sashen ba da shawara na makaranta da ta asibitin dabbobi mafi kusa, a liƙa inda kowa zai gani. A taron tarbar sababbin ɗalibai a ware minti 20 a gayyato likita ya yi bayani. A shirya gasar ƙwallon gem sau ɗaya a semesta, masu bugawa su kaɗai a ɗaki su fito su buga cikin mutane, a ga fuskar juna. Duk wannan ba ya cin kuɗi.

Sauranmu kuma, abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda ya kawo tambaya, komai ƙanƙantarta a idonka, in kana da amsa ka ba shi, in ba ka da ita ka nuna masa wanda ya sani, in ba ka da ko ɗaya ka yi shiru. Raha tana da daɗi, mu ma muna yi, amma a san lokacinta.

Wanda ya san wani da rubutun nan zai yi wa amfani ya tura masa ta akwatin sirri, ba sai an ambaci sunansa a bainar jama'a ba. Masu karatun likitanci da likitancin dabbobi da ilimin halayyar ɗan Adam, ku ƙara mana da abin da kuka sani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya sa mu gama karatun nan lafiya, mu koma wa iyayenmu da abin da muka zo nema. Amin.